Kamu Biyun Da Na Ƙara Wa Rijiya

Talata, 16 ga Disamba 2008, ƙarfe biyar na yamma

Injin tace ruwa ya tsaya, karo na uku cikin mako guda. Yunana ya buɗe cikinsa ya zaro matatun, duk sun toshe da wani jan abu mai yauƙi, ga wari kamar an manta kifi cikin buhu. Tekun ce ta canja. Tun bayan Sallah ta koma launin shayi, matattun kifaye sai taruwa suke a bakin gaɓa, alhali daga cikinta injin yake ɗiba ya cire gishiri ya ba mu na sha. Sababbin matatu biyu suka rage a sito. Yunana ya ce in ya sa su yau, jibi sun mutu, gara a ajiye.

Wannan littafin na rubuta awon famfo ne, kamfani ya ba ni. Tunda babu famfon da ke aiki, bari in rubuta abin da ke cikina. Ni Souleymane, plombier, mai haɗa bututu, ɗan Adar daga Nijar. Shekara biyu ke nan ina kan wannan ɗan tsibiri, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Dubai a jirgi mai inji. Gidajen hutu ake gina wa masu hali. Da mu ɗari uku ne. Watan jiya aka tsayar da aiki, aka kwashe mutane, aka bar mu goma sha bakwai mu yi gadin ƙarafa da siminti. Ba wanda ya gaya mana dalili, mu ma mun gaji da tambaya.

Hausawa mu huɗu ne. Dikko Bakatsine shi ne foman, shugaban ma'aikata. Yunana Kirista ne daga Wusasa, shi ke kula da injin ruwa. Sai Baba Halliru mai girki, tsohon Bakano, mai ciwon ƙoda, wanda likita ya hana gishiri, shi ya sa kullum yake ɗora tasa 'yar tukunyar daban. Sauran Bangali ne, wato 'yan Bangladesh, da 'yan Pakistan.

Yunana ya zura sanda a tanki. Kwana tara, in kowa ya tsaya a lita huɗu.

Alhamis, 18 ga Disamba, bayan azahar

Dikko ya kira ofishin kamfani a unguwar Karama, cikin Dubai. Sun ce jirgin tanka zai kawo ruwa, bukra inshallah, wato gobe in Allah ya so. Na san wannan bukra tasu, tun da na zo ƙasar nan take tahowa ba ta iso ba.

Na ce masa ya kira masu gadin teku kawai su kwashe mu. Ya zaro mini ido. Wai fasfo ɗinmu duka suna ofis, bizar rabinmu ta mutu ba a sabunta ba, kuma an gaya masa duk wanda ya bar tsibiri ba da izini ba za a rubuta shi a cikin waɗanda suka gudu. "Kana so a ɗaure Baba Halliru da furfurarsa?" in ji shi. Raina ya ɓaci, na fita na shuri bokiti, yatsana ne ya ji jiki.

Asabar, 20 ga Disamba, ƙarfe tara na safe

Mun fara neman ruwa inda Allah ya ajiye shi a nan kusa. Da asuba raɓa na sauka sosai, har rufin kwantena yana ɗiga. Jiya da yamma muka shimfiɗa ledojin da ake rufe siminti, muka karkata su zuwa cikin bokitai. Lita goma sha ɗaya muka samu yau. Ga mutum goma sha bakwai wannan abin dariya ne, amma ba wanda ya yi dariya.

Na tsaga bututun roba biyu-biyu na yi indararo a rufin ɗakunan kwana, na haɗa su da tanki, ko da Allah zai kawo ruwan sama. A ƙasar nan sau uku ko huɗu yake sauka a shekara, kuma yanzu ne lokacinsa. Yunana ne ya riƙe mini tsani. Ya ce ashe mutanen Nijar sun iya wani abu ban da shayi. Na ce Injiniya, injinka da ya ci kuɗin gari guda ga shi can kwance, leda ce ke ciyar da kai. Ya yi murmushi. Mutum ne mai sanyi, sanyinsa har haushi yake ba ni wani lokaci.

Lahadi, 21 ga Disamba, da yamma

Iskar arewa ta taso, wadda suke ce wa shamal. Ko jirgin na da niyyar zuwa, yanzu ya samu hujja.

Talata, 23 ga Disamba, bayan la'asar



A tsakiyar tsibirin nan, bayan tulin tsakuwa, akwai wurin da motocin haƙa ba su kai ba. Itatuwa uku ne gajeru a wurin, kullum kore shar. Shekara biyu ina wuce su ban taɓa tsayawa ba, ni da aka haifa a gidan masu haƙa rijiya. Kakana shi ya haƙa rijiyar garinmu, zurfinta gaba talatin da biyu. Ubana ya fara sauke ni cikin rami ina da shekara goma sha ɗaya. Yau da safe ina tafe sai na ce wa kaina, kai Sule, me itatuwan nan suke sha?

Na zagaya su, na tarar da duwatsu a jere kamar da'ira, yashi ya kusa binne su. Tsohuwar rijiya ce, ta masunta ko masu nitson lu'ulu'u na da. Na kira Bangali biyu da shebur muka fara yasa. Zurfin gaba ɗaya da rabi kacal muka sauka yashi ya yi danshi. Ƙasa kaɗan sai shebur ya bugi dutse. Na share da hannu, na ga fala-falan duwatsu an shimfiɗa su a gindin rijiyar, an jera su tsaf, aikin hannun mutum. Ta tsakaninsu ruwa yake tsattsafowa a hankali.

Na bari ya kwanta, na ɗiba a tafin hannu. Mai daɗi ne. Akwai ɗan nauyi a harshe, amma wallahi ruwa ne. Yunana ya zo da 'yar na'urarsa mai kamar biro, wadda ke auna gishiri, ya tsoma, ya duba, ya sake tsomawa. Ya ce ana iya sha. Kwano na farko Baba Halliru na kai wa. Ya sha, ya goge gemu, ya ce, "Ɗan Adar, Allah ya jiƙan wanda ya koya maka." Na juya baya don kada ya ga idona.

Alhamis, 25 ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma

Kirsimatin Yunana. Baba Halliru ya dafa masa shinkafa da kifin gwangwani, muka zauna muka ci tare. Yunana ya yi waya da matarsa minti biyu, ya dawo ya zauna yana kallon teku.

Rijiya na ba da jarka biyar a yini, in an ɗiba da kwano a hankali, a bar ta ta huta, a dawo. Na ce wannan ɗibar 'yan mata ce. In na ɗaga duwatsun nan na ƙara mata kamu biyu, mu kai ga idon ruwa, jarka ashirin za ta ba mu.

Yunana ya ajiye cokali. Ya ce, "Malam Sule, don Allah kada ka taɓa duwatsun nan." Ya jawo kwanon miya ya nuna mini man da ke yawo a sama. Wai haka ruwan tsibiri yake. Ruwan saman da ya taru shekara da shekaru yana kwance a bisa, siriri, a ƙarƙashinsa kuma teku ce zalla. In ka ɗiba daga sama a hankali ka sha mai daɗi, in ka zurfafa ko ka zuƙa da ƙarfi gishirin ya taso, kuma in ya taso ba ya komawa da wuri. Ya ce mutanen da suka shimfiɗa duwatsun nan sun san inda ya kamata a tsaya.

Na ce ragwaye ne, sun gaji suka tsaya. A Adar rijiya in ta ja baya zurfi ake ƙara mata, haka ubana ya yi, haka nasa uban ya yi, ba a taɓa jin wanda ya sauka ƙasa ya rasa ruwa ba. Ya ce Adar ba ta cikin teku. Na ce shi a takarda ya karanta rijiya, ni a cikinta na girma. Baba Halliru ya ce mu ci abinci, yau ranar farin cikin Yunana ce. Na koma kan abincina don girmansa.

Lahadi, 28 ga Disamba, da hantsi

Tanki ya ƙare. Sandar Yunana ta fito a bushe. Iska ba ta faɗi ba, ta yayyaga mana leda uku.

Talata, 30 ga Disamba, bayan magariba

Jarka huɗu jiya, uku da rabi yau. Rijiyar tana ja baya.

An yi dambe a bakinta da rana, wani ɗan Pakistan da wani Bangali, kan kwano guda. Mutanen da suka shekara suna cin abinci a faranti ɗaya. Dikko ya shiga tsakani ya samu naushi a kunne. Alwala duk mun koma taimama, wanka kuwa an manta da shi, in mutum ya shiga tekun nan jikinsa ƙaiƙayi yake kwana yi. Ɗakinmu wari yake, ni ma wari nake.

Ofis ba sa ɗaukar waya yau.

Alhamis, 1 ga Janairu 2009, ƙarfe goma na safe

Baba Halliru bai tashi girki ba. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa ramin ba ya cikewa. Maganinsa ya ƙare tun Lahadi, bai gaya wa kowa ba. Fitsarinsa kaɗan ne, kuma ja. Ni da Yunana mun rage daga rabonmu muna ƙara masa, ya gane, ya ƙi sha. Ya ce shi ya ci zamaninsa, mu muke da 'ya'ya ƙanana. Sai da na ɗaga masa murya. Ban taɓa ɗaga wa dattijo murya ba sai yau.

Jarka uku.

Juma'a, 2 ga Janairu, bayan la'asar

Jarka biyu da rabi.

Dikko ya same ni a bakin rijiya ya tsuguna. Ya ce, "Kai fa ka ce kun gaji abin nan. In kana da abin yi ka yi, tsohon nan zai mutu a hannunmu." Na ce Yunana ya hana. Ya ce Yunana injinsa ma ya gagare shi.

Na daɗe ina leƙen duwatsun nan. Ina jin muryar ubana yana ce mini sauka, ruwa na ƙasa. Bai taɓa yi mini ƙarya ba a kan rijiya.

Asabar, 3 ga Janairu, ƙarfe uku na rana

Na yi.

Yunana ya tafi can gefen tsibiri tun safe, zai gwada matatun nan biyu na ƙarshe ko tekun ta ɗan washe. Dikko ya riƙe igiya. Na sauka da ƙarfen rodi na ɓanɓare duwatsun, guda tara ne, na miƙa su sama ɗaya bayan ɗaya. Na yanke gindin ganguna biyu na zura don kada yashi ya rufta. Kamu biyu na ƙara, ban wuce ba. Kafin in gama ruwa ya kai mini gwiwa, kafin in fito ya kai ƙugu.

Na haɗa ɗan famfon da muke kwashe ruwan gini da shi. Jarka goma sha takwas cikin awa guda. Bangali suna ta rungume ni.

Yunana ya dawo hannunsa baƙi ƙirin, matatun sun mutu cikin awa uku. Ya ga duwatsun a zube a gefe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsoma na'urarsa, ya duba, ya ce har yanzu da daɗi. Sannan ya ce, "Ko famfon nan ka kashe, Malam Sule." Na ce Injiniya, je ka yi wanka, ka fi kowa buƙata. Kowa ya yi dariya. Ya ce ya cire hannunsa daga rijiyar nan, ya tafi.

Lahadi, 4 ga Janairu, da yamma

Kowa ya yi wanka. An wanke kaya, igiyoyi sun cika da riguna. An yi alwala da ruwa, mun yi jam'i, har Dikko ya yi mini addu'a da suna. Ba wanda ya shimfiɗa ledar raɓa jiya, ni ma ban ce a shimfiɗa ba. Yunana ya ce a cika tanki a ajiye maimakon wannan ɓarna, na ce rijiyar ce tankinmu yanzu.

Baba Halliru ya sha kofi shida. Ya tashi zaune, har ya ari wayar Dikko ya kira 'yarsa Hadijatu a Kano, na jiyo shi yana dariya. Rabon da in ji daɗi irin na yau tun ranar da aka haifa mini ɗan fari.

Litinin, 5 ga Janairu, bayan asuba

Na ɗanɗana.

Litinin, bayan azahar

Wataƙila ɗanɗanon sabon haƙa ne. Sabuwar rijiya takan yi haka, ta kwana biyu ta washe. Na kashe famfo, na ce ya lalace.

Na gaya wa kowa ruwan ya gauraya da laka, kada a sha ɗanye, sai an tafasa. Tunda Baba na kwance, na karɓi kicin. Ni nake ɗebowa, ni nake dafawa. Shayi na yi, babbar tukunya, da madarar gari da sukari da citta mai yawa. Sun ce shayin 'yan Nijar daban ne.

Na kai wa Baba nasa. Ya kurɓa, ya dube ni, ya shanye.

Talata, 6 ga Janairu, da safe

Bai washe ba. Na ƙara citta.

Talata, da yamma

In na ce a shimfiɗa leda za su tambaye ni dalili. Gobe zai washe. Kofi huɗu Baba ya sha yau, fuskarsa ta fara kumbura, amma ai da ma yana kumburi.

Ban yi sallar la'asar a kan lokaci ba. Ina tsaye a kicin ban san me nake yi ba har rana ta yi ja.

Laraba, 7 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yunana ya tare ni a hanyar rijiya da jarka a kafaɗata. Ya ce tun jiya kowa ke kukan ƙishirwa, ana shan shayi ana ƙara jin ƙishi. Ya ce in sauke. Na ce ya ba ni hanya. Ya ce, "Sauke, Sule." Bai taɓa kiran sunana babu Malam ba.

Ya tsoma na'urar. Bai nuna mini lambar ba, ya ɗiba a murfin jarka ya miƙo mini. Zartsi ne, har harshe yana karcewa.

"Tun yaushe?"

Na ce yau ne.

"Tun yaushe?"

Na ce Litinin.

Ya zauna a kan yashi ya dafe kai. Ya ce, "Kuma shi kake ba Baba." Na jira ya zage ni, ko ya tara mutane. Sai ya tashi ya ce in kawo bututun jan ƙarfe da babbar tukunya da duk katakon da ke tsibirin nan, za mu dafa ruwan teku mu tari tururinsa. Ga mutane kuma ya ce rijiya ta juya, haka rijiyar tsibiri take yi. Bai ambaci sunana ba. Dikko da ya riƙe mini igiya yana ta kallon ƙasa.

Alhamis, 8 ga Janairu, bayan la'asar

Tun jiya wuta ke ci. Lita goma sha huɗu tukunyar ta ɗiga mana, raɓa ta ba da tara. Na mayar da duwatsun nan tara gindin rijiya, na cika ramin da yashi kamar yadda na same shi. Yunana ya ce ba laifi, amma kada in sa rai, sai ruwan sama na shekaru ya sake taruwa.

Na kai wa Baba Halliru kofi na farko daga tukunyar, ruwa fari tas. Numfashinsa sama-sama yake, idanunsa sun kusa rufewa don kumburi. Ya kurɓa kaɗan ya ce, "Yau babu citta."

Na durƙusa. Na fara magana ya ɗaga mini hannu.

"Ɗan Adar, shekara talatin da ɗaya ina girki. In aka jefa ƙwayar gishiri ɗaya a tukunyar mutum hamsin sai na ji ta. Tun kurɓar farko ranar Litinin na sani."

Na ce to Baba don me ka sha? Don me ba ka tofar ba?

"Da na tofar a gabansu, da yaran nan sun yi maka illa. Kwana biyu kafin nan suna ɗaga ka sama, ka san yadda mutane suke in ƙishi ya kama su. Kuma na ga fuskarka. Na ce bari in ba shi kwana ɗaya, zai faɗa da bakinsa." Ya huta, ya ja numfashi. "Sai ka kai uku."

Bai faɗe shi da zafi ba. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a gabansa kamar yaro, shi kuma yana ta ce mini ya isa, don ni ka yi, na sani.

Juma'a, 9 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Da safe Baba bai gane Dikko ba. Yunana ya karɓi wayar daga hannun Dikko, bai nemi izini ba, ya kira masu gadin teku. Dikko ya fara maganar fasfo, na ce masa in ya sake buɗe baki zan jefa shi cikin rijiyar. Da mun yi haka tun ranar goma sha takwas ga Disamba.

Cikin awa biyu suka iso duk da iskar. Sun ɗauki Baba a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, sun sauke mana katan-katan na ruwan roba, sun rubuta sunayenmu. Ba wanda aka ɗaure. Babbansu ya tambaya me ya sa ba mu kira tun da wuri ba.

Na riƙe gefen gadon har bakin jirgi. Bai buɗe ido ba.

Lahadi, 11 ga Janairu, da yamma

An sa Baba a injin wankin ƙoda. Iyakar abin da aka gaya wa Dikko ke nan.

Laraba, 14 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ruwan sama tun kafin asuba, kamar da bakin ƙwarya. Indararon da na yi duk suna aiki, tanki ya wuce rabi. Bangali suna ta rawa a cikin ruwan saman.

Kwana goma sha ɗaya tsakanin ranar da na sauka ramin nan da yau. Jarka biyu da rabi da raɓa da tukunyar tururi da sun kai mu. Na lissafa sau uku, sun kai.

Laraba, bayan azahar

Dikko ya amsa waya, ya cire hula. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Litinin, 19 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma, Al Ras

An kwashe mu ranar Asabar. Muna wani masauki a Dubai, bayan shagunan kayan yaji, mu shida a ɗaki, ana ta maganar takardu da tikiti. An yi jana'izar Baba jiya, mu tara a sahu, Yunana yana tsaye daga baya har aka gama. Likita ya rubuta ciwon ƙoda. Yunana ya ce mini da ma ƙodar ta gaji, babu magani kwana goma sha biyu, ba wanda zai iya cewa shayin ne. Na ce shi ma ba zai iya cewa ba shayin ba ne. Bai musa ba.

Yau na sayi katin waya na shiga rumfa a bakin Creek, mashigin ruwan da ya ratsa garin, na kira Kano in yi gaisuwa. Hadijatu ce ta ɗauka. Na ce sunana Souleymane, abokin aikin Baba ne, ya haƙuri. Ta ce haƙuri sai Ma'aiki. Sai muryarta ta canja, ta ce, "Kai ne ɗan Nijar ɗin? Mai rijiya?"

Na ce ni ne.

Ta ce ranar da suka yi magana ta ƙarshe ba shi da zance sai nawa. Ya ce Allah ya haɗa su da wani yaro ɗan gidan masu haƙa rijiya, ya fitar musu da ruwa a tsakiyar teku, ya ce su riƙa sa ni a addu'a. Ta ce tun ranar kullum suna yi, ita da Umma, har yau da asuba sun yi. Ta fara sa mini albarka, Allah ya shayar da ni kamar yadda na shayar da mahaifinta.

Ina iya cewa amin in ajiye waya. Ba wanda zai taɓa gaya mata, Yunana ba zai faɗa ba, Dikko kuwa bakinsa a ɗaure yake.

Na ce, "Hajiya, dakata. Akwai sauran magana."

Na gaya mata duwatsun, da kamu biyun, da shayin, da kwana ukun. Ban rage komai ba, ban kuma ce don shi na yi ba. Ina jin numfashinta a cikin wayar, da kukan wani jariri a bayanta. Ba ta kashe ba, ba ta kuma ce komai ba. Na riƙe wayar a kunne ina jira har katin ya ƙare.